Mene ne bakin mahaifa, kuma me ake nufi idan an ce ya buɗe ko ya rufe?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti Nas. Ina da cikin fari, wata uku da 'yan kwanaki. Na ga ɗan jini na je asibiti, likita ta duba ni ta ce bakin mahaifa a rufe yake, in koma gida in huta. Da na faɗa a gida sai aka ce ai bakin mahaifa shi ne gaba, ta yaya za a ce ya rufe? Ga shi kuma ina jin ana maganar sankarar bakin mahaifa a rediyo, duk hankalina ya tashi. Don Allah mene ne bakin mahaifar nan, kuma a ina yake?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya inganta, ya raba ku lafiya. Fara kwantar da hankalinki tukuna. Ga mai ƙaramin ciki da ta ga jini, "bakin mahaifa a rufe yake" ita ce maganar da mu ungozomomi muke fatan ji. Ma'anarta hanyar da cikin zai bi ya fita ba ta buɗe ba. Kuma bakin mahaifa ba shi ne gaba ba. Mutanen gida ba laifinsu ba ne, haka yawancin mata suka ɗauka, domin mu duk abin da ke wannan sashe na jiki suna ɗaya ko biyu muke ba shi, ko mu ce "gaba" ko mu ce "mara", mu wuce da sauri saboda kunya. A tsakar gida wannan ya wadatar. A ɗakin awo kuwa yana sa a yi ta magana da mace, ita da abin da take nufi, ma'aikaciya da abin da take nufi.

Bari in bi da ke daga waje zuwa ciki. Abin da ke waje shi ne leɓɓan al'aura, da ƙofar fitsari, da mashigar farji a ƙasa da ita. Fitsari hanyarsa daban, jinin al'ada hanyarsa daban. Daga mashigar nan sai farji kansa, hanya ce ta tsoka mai tsawon santimita 7 zuwa 10, mai iya miƙewa ƙwarai. A can ƙuryar wannan hanya akwai wani ɗan dunƙulen nama mai santsi da ɗan tauri, da ɗan rami a tsakiyarsa. Shi ne bakin mahaifa. Ki ɗauki mahaifa kamar ƙaramin goran duma da aka kifa, tumbinsa a sama, wuyansa a ƙasa. Tumbin nan shi ne inda ɗa ke zama. Wuyan shi ne ya leƙo cikin farji. Duk mahaifar macen da ba ta da ciki tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, wuyan ya ɗauki kamar santimita 3 daga ciki, wato faɗin yatsu biyu ke nan. Ramin da ya ratsa shi yana da ƙofa biyu, ɗaya ta ciki wajen ɗa, ɗaya ta waje wajen farji. Ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba ƙofar waje 'yar zagayayya ce ƙarama, ga wadda ta haihu da kanta takan zama 'yar tsaga a kwance, kuma haka za ta zauna.

Larabawa da Turawa wuyan suka duba suka sa wa wurin suna. A littattafan Larabci "wuyan mahaifa" ake cewa, sunan da likitoci ke rubutawa a kati ma daga kalmar Latin ya fito mai ma'anar wuya, haka nan a asibitocin Nijar za ki ji ana cewa "kol" da Faransanci, shi ma wuya ne. Bahaushe kuwa ramin ya duba ya ce baki. In kin ga wani ya rubuta "wuyan mahaifa", wuri ɗaya ne da wanda likitarki ta faɗa. Ni na fi son namu, domin abin da mai ciki ke son sani shi ne ya buɗe ko bai buɗe ba, baki kuwa shi ake buɗewa a rufe.

Tun da ramin ɗan ƙarami ne, babu abin da ke ɓacewa a cikin mace ya haura ciki ya shige hanji, kamar yadda ake tsorata amare. Kwaroron roba ko auduga in suka maƙale, a farji suke, ana ciro su. Robar tsarin iyali da ake sa wa a mahaifa kuwa ma'aikaciya ce ke shigar da ita ta ramin da kayan aiki, ta bar ɗan zarenta ya leƙo ta bakin mahaifa don ranar cirewa. Bakin mahaifa kuma ba shi da alaƙa da tantanin budurci, wannan a mashigar farji yake, can waje.

Inda rikicin ya fi yawa ma ba a "baki" ba ne, a kalmar "mahaifa" ne. Muna kiran jakar da ɗa ke kwance a ciki mahaifa. Muna kiran naman da ke biyo jariri bayan haihuwa mahaifa, wanda wasu ke ce wa mabiyiya. Garin da aka haifi mutum ma mahaifarsa ce. Na ukun ba ya cutar da kowa, amma na farko da na biyu suna haɗa mu aiki. Idan aka bugo waya aka ce "ta haihu amma mahaifa ba ta faɗo ba", mabiyiya ake nufi, kuma in ta wuce minti 30 ba ta fito ba, ko jini yana zuba, mota za a nema, ba a tsaya ana ba ta muciya ko ana jan cibiya ba. Idan dattijuwa ta ce "mahaifata ce ta zazzago", ainihin jakar take nufi: jijiyoyin da ke riƙe da ita sun saki saboda yawan haihuwa da aikin ƙarfi da shekaru, abin da take ji da hannunta a mashiga kuwa sau da yawa bakin mahaifar ne ya sauko. Idan kuma aka yi wa mai ciki hoto aka ce "mahaifa tana ƙasa", yawanci mabiyiya ce ta zauna kusa da ƙofar ciki ta bakin mahaifa ko ta tare ta. Wadda aka gani a ƙasa a wata biyar galibi tana matsawa sama yayin da ciki ke girma, sai a sake hoto a watannin ƙarshe. Wadda ta tare ƙofar har ƙarshe kuwa tiyata ce haihuwarta, alamarta jini ja ba tare da ciwo ba, kuma haramun ne a aikinmu a sa mata yatsa don a duba buɗewa, domin taɓawa kaɗan na iya ɓalle jinin da ba a iya tsayarwa. Saboda haka duk lokacin da aka ce miki wani abu game da "mahaifa", ki tambaya: jakar, ko bakinta, ko mabiyiya?

Aikin bakin mahaifa a ranakun da ba ciki shi ne tsaro da tacewa. Ta nan jinin al'ada ke fita. Cikin ramin akwai ƙwayoyin da ke yin majina, kuma majinar tana canzawa da kwanakin wata. Bayan ɗaukewar al'ada kaɗan ce, mai kauri. Idan lokacin sakin ƙwai ya matso sai ta yawaita, ta yi haske, ta yi yauƙi har tana jawuwa tsakanin yatsu ba ta tsinke ba. A wannan yanayi ne maniyyi ke samun hanya, har ya iya rayuwa kwana biyar a jikin mace yana jiran ƙwai. Bayan an saki ƙwai sai ta koma kauri ta toshe hanya. Allurar tsarin iyali da ashanar da ake sa wa a dantse, ɗaya daga cikin ayyukansu ke nan, su kaurara majinar nan. 'Yan mata da yawa suna ganin wannan yauƙi na tsakiyar wata su ce ciwon sanyi ne, su yi ta shan magani a banza. In babu wari, babu ƙaiƙayi, babu zafi, lafiya ce. Farin ruwan nan ma da malaman fiƙihu ke kawowa cikin alamomin tsarki daga haila, daga can sama yake gangarowa ta wannan ƙofa.

Da ciki ya shiga sai aikin ya koma riƙo. Bakin mahaifa ya yi laushi kaɗan, jini ya yawaita a cikinsa, majina mai kauri ta cika ramin ta toshe shi don kada ƙwayoyin cuta su haura wurin ɗa. Haka ake so ya zauna, dogo kuma a rufe, har wata tara. Shi ya sa in mai ƙaramin ciki ta zo da jini, abin da ake fara dubawa ke nan. In a rufe yake, galibi barazana ce kawai, kuma mafi yawan irin wannan ciki yana tsayawa, musamman in hoto ya nuna zuciyar ɗa tana bugawa. In ya buɗe, ga jini ga ciwon mara, to ɓari ya kama hanya, sai maganar yadda za a tabbatar komai ya fita, da magani ko da wankin ciki. Wani lokaci ma jinin ba daga wurin ɗa yake ba sam, daga fatar bakin mahaifar ne, wadda ciki ya sa ta zama mai saurin fitar da jini in an taɓa ta, kamar bayan saduwa.

Akwai matan da nasu bakin ba ya iya riƙo. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: ciki ya kai wata huɗu, biyar ko shida, ba ciwo ba naƙuda sosai, sai nauyi a mara, sai faya ta fashe, ɗa ya fito da ransa amma bai isa rayuwa ba. Ciki na gaba ma haka. A gida sai a ce iska ce ko sammu ko jinnu. Sau da yawa rauni ne a bakin mahaifa, ko na halitta, ko daga yagewar da ya yi a wata haihuwa, ko daga wani aiki da aka taɓa yi a wurin. Ana auna tsawonsa da hoton da ake yi ta farji. In ya gaza milimita 25 kafin mako 24, gajere ne. Wasu ana ba su maganin sinadarin riƙon ciki su riƙa sa wa, wasu a yi musu ɗinki, a zagaye bakin da zare mai ƙarfi a ɗaure. Wani likita ɗan Indiya, Shirodkar, da wani ɗan Ostareliya, McDonald, su ne suka fito da hanyoyin ɗinkin nan biyu a shekarun 1950, har yau da sunayensu ake kiran su. Ga wadda tarihinta ya nuna, akan yi shi a mako 12 zuwa 14, a kwance a mako 36 zuwa 37, ko da zarar naƙuda ta fara. Amma a kula da abu biyu. Ɓarin wata ɗaya zuwa uku galibi daga halittar ɗan tayin ne, ɗinki ba ya hana shi, kada mace ta matsa wa likita sai an ɗaure ta. Sannan wannan "ɗaurin mahaifa" ba shi ne wanda ake yi don tsayar da haihuwa ba, wanda mata ke ce wa juya mahaifa. A wancan bututun da ƙwai ke bi ake ɗaurewa, kuma babu abin da ake juyawa. Na ga matan da suka ƙi ɗinkin da zai riƙe musu ciki saboda sun zaci za a hana su haihuwa ne.

Ranar naƙuda ce bakin mahaifa ke yin babban aikinsa, kuma a nan na fi so ki saurara, tun da cikin fari ne. Naƙuda ba komai ba ce illa tsokar mahaifa tana murɗawa daga sama, tana janye wuyan nan zuwa gare ta, kan ɗa kuma yana danna shi daga ciki. Abu biyu ke faruwa. Wuyan ya gajarce ya yi siriri har ya shafe, sannan ramin ya faɗaɗa daga rufe har santimita 10, faɗin da kan jariri ke bukata. Ga mai haihuwar fari shafewar ce ke fara zuwa kafin buɗewa, shi ya sa takan kwana tana ciwo a duba a ce santi 2 ne kawai, ta ji kamar ta yi kuka. Ba a banza ta sha ciwon ba, aikin shafewa aka yi. Ga wadda ta saba haihuwa biyun tare suke tafiya. Majinar da ta toshe ramin tun farkon ciki ita ce ke fitowa da ɗan jini-jini, wadda tsofaffinmu ke cewa zaƙi ne yake fita. Ba sukarin da kika sha ba ne, kuma babu wani zaƙi da ke tare hanyar ɗa wanda sai an wanke shi da jiƙo.

Da, daga santi 4 ake lissafin naƙuda ta kankama. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi santi 5, domin an gano mata da yawa suna tafiya a hankali kafin nan ba tare da wata matsala ba. Daga santi 5 zuwa 10, mai haihuwar fari ba ta cika wuce awa 12 ba, wadda ta saba kuwa awa 10. Akan duba buɗewar duk bayan awa huɗu. Ba a son yawan sa hannu, musamman in faya ta fashe, saboda kowane dubawa hanya ce ga ƙwayoyin cuta.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne sa mace yunƙuri tun ciwon farko. Ana zagaye da ita ana "yi nishi, yi nishi, kada ki yi ragwanci", alhali bakin bai wuce santi 4 ba. Kan ɗa sai ya riƙa matse naman da bai gama janyewa ba, naman ya kumbura, buɗewar ta ƙara jinkiri, ko ya yage. Yagewar bakin mahaifa tana zubar da jini sosai, kuma ba a ganin ta daga waje, sai an haska an ɗinke. Wanda ya fi wannan muni shi ne allurar naƙuda ko ƙwayar naƙuda da ake sayowa a kemis a yi wa mace a ɗaki. Magungunan nan a asibiti ma da awo ake ba da su, ana sauraren zuciyar ɗa. In aka tilasta wa mahaifa murɗawa alhali hanya ba ta buɗe ba, ko ɗa ya zo a gicciye, ko ƙugu ya yi masa kaɗan, jakar kanta ce ke fashewa. Sai kuma yankan gishiri, da ake sa aska ko reza a tsaga cikin farji wai a buɗe hanya. Abin da bai buɗe ba yana can ƙurya, askar ba ta kai gare shi ba, mafitsara da hanyar fitsari take samu. Mafi yawan masu yoyon fitsari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kan ɗa ya daɗe yana matse mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, amma yankan gishiri ma ya kai mata da dama cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Naƙudar da ta ga fitowar rana ta ga faɗuwarta ba a haihu ba, ta asibiti ce.

Cututtukan saduwa, irin su ciwon sanyi mai fitar da mugunya, a bakin mahaifa suke fara zama, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai har su haura su toshe bututun ƙwai. Ba a bayan gida ake ɗaukar su ba, kuma maganinsu ba ya cika sai an haɗa da maigida da abokan zama. Kayan matsi da ake cusawa, da wanke ciki da sabulu ko kanwa ko alif, ƙona fatar wurin suke yi. Wani jan da ake gani a kewayen ramin kuma, wanda wasu ke gaya wa mace wai gyambo ne, galibi fatar cikin ramin ce ta leƙo waje. Yana da yawa ga matasa da masu ciki da masu shan ƙwayar tsarin iyali, ba gyambo ba ne, ba kuma sankara ba.

To, sankarar da kika ji a rediyo. Da gaske ne, kuma ba ƙaramar annoba ba ce. A Najeriya ita ce ta biyu a cikin sankarar mata bayan ta mama. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mata 12,000 sun kamu, kimanin 8,000 sun rasu a shekara guda. A duniya, a 2022, kimanin 660,000 suka kamu, 350,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Tana farawa ne daidai inda fatar cikin ramin ta haɗu da fatar waje. Kusan dukkanta ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, abin da wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano a farkon shekarun 1980, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, lamba 16 da lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Ta saduwa ake ɗauka, kuma mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa sun gamu da ita ba su sani ba, jiki ya kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga wadda ta zauna mata, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ko 5 zuwa 10 in garkuwar jiki ta yi rauni. Mai ɗauke da HIV haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida.

Ina so a ji wannan da kyau: samun wannan ciwo ba shaidar fasiƙanci ba ne. Mace na iya yin aure ɗaya tak tun tana yarinya, ta ɗauka daga mijin da shi ma ya samo daga auren da ya yi shekaru da suka wuce, babu wanda ya saɓa wa Allah a cikinsu. A wurin da ake aure, a rabu, a sake aure, ga kishiyoyi, ƙwayar ba ta bukatar hanyar haram. Auren wuri, yawan haihuwa da shan taba suna ƙara haɗarin.

Abin da ke kashe matanmu shi ne jinkiri, kuma wani ɓangare na jinkirin daga yadda muke fassara jini ne. Mace ta ga jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ya wuce kwana goma sha biyar, sai ta aika a tambayi malam hukuncin sallarta. Malam ya ce istihala ce, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Ya amsa abin da aka tambaye shi, kuma daidai ya amsa. Amma me ya kawo jinin, wannan tambayar asibiti ce, kuma ita ce ba a yi. Haka dattijuwar da ta shekara biyar da daina al'ada ta ga jini ta ce al'ada ce ta dawo. Al'ada ba ta dawowa. Jini bayan saduwa, jini bayan daina al'ada, da ruwa mai wari gauraye da jini da ya ƙi jin magani, kowannensu sai an haska an gani. Sau da yawa ba sankara ba ce, amma ido ne ke raba gardama. Ciwon baya da na ƙugu da kumburin ƙafa sai ta yi nisa suke zuwa.

Sa'ar da aka yi ita ce bakin mahaifa wuri ne da ake iya gani ba tare da an tsaga mutum ba, kuma ciwon yana ba da shekaru yana nuna alama a fata kafin ya zama sankara. Ana sa ɗan ƙarfe ko roba a buɗe farji, a haska fitila. Daga nan hanya uku ce. Ko a shafa ruwan khal, wato wani ruwa mai tsami, da aka auna ƙarfinsa, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma aikin wadda aka horar ne, ba na gwadawa a gida ba. Ko a shafo ƙwayoyin fatar a kai ɗakin gwaji, wato gwajin Pap, mai ɗauke da sunan Papanikolau, likita ɗan Girka da ya yi aikinsa a Amurka. Ko a nemi ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda shi ne ya fi inganci, har mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta a inda ake da tsarin. Duk abin minti kaɗan ne, akwai ɗan rashin daɗi amma ba ciwo ba ne, kuma kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki. In an ga wurin da ya fara canzawa, ana ƙona shi da zafi ko da sanyi, ko a yanke ɗan wurin, mace ta koma gida ranar, mahaifarta na nan, haihuwarta na nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwaji daga shekara 30, mai HIV daga 25, wasu asibitoci kuma suna farawa da kowa daga 25. Mai gwajin khal ko Pap ta maimaita duk shekara uku, mai gwajin HPV, in ba ta da HIV, duk shekara biyar zuwa goma.

Ga yara kuma akwai rigakafi. Tun 2006 ake amfani da shi a duniya, Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta a 2011, Najeriya kuma ta shigar da shi cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, allura ɗaya, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. An zaɓi wannan shekaru ne don a riga ƙwayar isa, ba don ana zargin yaran da komai ba. Na san ana yawo da maganar wai yana hana haihuwa. An yi ɗaruruwan miliyoyin allurar nan a ƙasashen Musulmi da waɗanda ba na Musulmi ba, waɗanda aka yi wa suna yara sun yi aure sun haihu, bincike bai nuna yana taɓa haihuwa ba. Abin da na tabbata yana raba mace da mahaifarta shi ne sankarar in ta kama.

Ke kuma yanzu, ɗigon jini a watannin farko abu ne da kusan mace ɗaya cikin huɗu ke gani, kuma ba shi ne alamar sankara a wurinki ba tun da likita ta duba wurin. In ba a yi miki hoto ba, ki nemi a yi, a tabbatar cikin yana cikin mahaifa kuma zuciya na bugawa. Ki tambayi rukunin jininki, domin in mai alamar ragi ne, wato negetif, akwai allurar da ake yi wa mai irin jinin idan ta yi zubar jini da ciki, don kare 'ya'yan gaba. Hutun da aka ce ki yi ba wai ki kwanta ko banɗaki sai an kai ki ba ne. Ki rage aikin ƙarfi, ku dakata da saduwa har jinin ya ɗauke, kada ki cusa komai, kada ki sha jiƙon riƙe ciki da ba ki san abin da ke cikinsa ba. In jinin ya ƙaru har yana jiƙa ƙunzugu, ko kika ga guda-guda, ko mara ta murɗa sosai, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ruwa ya zubo, ki koma ko da tsakar dare ne. Gwajin sankara kuma ki bari sai kin sauka lafiya kin yi arba'in, wasu asibitocin ma sukan ce sai bayan wata uku. In shekarunki sun kai, ranar da kika kai jariri rigakafi ki tambayi ma'aikaciya inda ake yi.